Ɗakin goron Baba da ruwan 30 ga Agusta

A gidanmu na Maradi akwai wani ɗaki da sai an sauka matakala uku kafin a taka daɓensa. Ɗakin goro muke ce masa, ko da yake rabonsa da goro tun rasuwar mahaifinmu. Baba fataucin goro ya yi, kuma duk wanda ya san goro ya san ba ya shiri da zafi. Shi ya sa da ya tashi gina ɗakin ajiya sai ya sa aka haƙa ƙasa, aka jera dutse da laka a ɓangaren da ke cikin rami, aka ɗora tubali a sama, aka rufe da azara. Ko a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa, in ka shiga ɗakin nan sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa. Matakala biyu Baba ya yi. Ta ukun lungu ne ya ƙara mana: shekara da shekaru yashi da shara da ɓaraguzan gini suna taruwa a waje, kowa yana ɗaga ƙofarsa, har mu ma muka ɗaga daɓen zaure, ɗakin goro kuwa ya ƙara nutsewa.

Bayan rasuwar Baba ɗakin ya dawo hannuna. Na zuba littattafaina da kundayen shirin darasi na shekaru, na kuma ajiye wani akwatin ƙarfe a ƙasa, jikin bangon gabas. A cikin akwatin akwai takardun gida, da takardun shaidar karatuna, da amanar mutane. Ƴan'uwana malamai sun san irin amanar da nake nufi. In dai kana koyarwa a unguwa, iyaye za su riƙa kawo maka takardar haihuwar ɗiyansu suna cewa, “Mushe, aje muna, wurinka ta fi tsira. Mu can gara da ɓera ba su barin ta.” Ni kuma ban taɓa cewa a'a ba, don har cikin raina ina jin daɗin yardar. Takarda 31 ce a wurina a lokacin da abin ya faru.

Ruwan ya daɗe yana yi mini sallama, ni ne ban amsa ba. A daminar 2020, wadda ita ma ta yi ɓarna a ƙasar nan, gindin bangon gabas ya yi duhu, yaɓen ya fara zubowa, wani farin abu kamar kanwa ya fito a kan duwatsun. Sai na kira wani yaro maso, na ce ya rufe mini abin nan. Ya shafe bangon da siminti daga ciki, tun daga ƙasa har sama, na sayo fenti mai mai, shuɗi, muka zizara. Jika sittin na kashe, kuma ɗakin ya yi kyau kamar kantin magani. Ba na ɗora wa yaron laifi. Abin da na ce ya yi shi ya yi. Inna, wadda ɗakinta ke haɗe da ɗakin goro ta bangon arewa, ta leƙo ta ja hanci ta ce, “Ya yi kyau, amma warin rima na nan.” Na ce mata warin fenti ne.

Abin kunyar shi ne ni da kaina nake koya wa yara yadda ruwa ke hawa. Tun muna makarantar horon malamai aka nuna mana gwajin: ka tsoma gefen ƙwarar sukari a shayi, ka ga shayin yana hawa har ya jiƙa ta duka, ko ka nuna wa yara lagwanin fitila yadda yake jawo kananzir daga ƙasa zuwa sama. Bangon ƙasa lagwani ne babba. Yana shan ruwa daga gindinsa, ruwan ya hau, iska ta busar da shi ta fuskar bangon, gishirin da ya ɗauko daga ƙasa ya rage a waje, shi ne farin abin nan. Muddin bangon yana samun hanyar fitar da damshi, zai jiƙe da damina ya bushe da rani, ya yi shekaru a tsaye. Ni kuwa na zo na toshe masa hanci da siminti da fenti, na bar bakinsa a cikin ruwa. Damina huɗu yana sha ba ya fitarwa, ni ina ciki ina gyaran takardun yara, har da na darasin lagwani.

Ran Jumma'a 30 ga Agusta 2024 babu mutumin Maradi da zai manta da ita. Hukumomi sun ce milimita 150 aka samu cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 kuma suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wanda bai saba da lissafin ba zai ji milimita kamar ƙaramin abu, to ga yadda yake: milimita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ce. Rufin ɗakunanmu uku da ke zuba a lungu ya kai murabba'in mita 40, wato lita 6,000, ganga 30 mai lita 200, duk ta indararo biyu, duk a gindin bangon gabas. Wannan namu kaɗai ke nan, ban da na maƙwabta da wanda ya gangaro daga saman gari yana neman Gulbi. Mu ƴan Maradi muna da wani sakaci da tarihi ya gadar mana. Mun san a 1945 Gulbi ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka hau da garin kan tudu, sai muka ɗauka wanda ke kan tudu ya gama da ruwa. Alhali ruwan da ke zuwa fadama ta ƙofar gidajenmu yake bi.

Da ruwan ya ɗauke na haska tocila a ɗakin goro, matakala ɗaya kawai na gani. Littattafai suna yawo kamar agwagi. Hankali ɗaya na yi a ranar, na kashe wutar gidan gaba ɗaya kafin in taɓa ruwan, don akwai wayar lantarki a ɗakin. Sauran duk wauta ce. Na tattare wando na faɗa, ruwa har cinya, na laluba na ciccibo akwatin. Ina fitowa na ji wani abu ya faɗa ruwa a bayana, ashe falankin siminti ne ya ɓanɓaro daga bangon gabas, faɗinsa kamar tabarmar salla. Abin da ke bayansa ba za a kira shi bango ba; na sa yatsa ya shige kamar a tuwon da bai yi ƙarfi ba.

Da safe wani maƙwabcinmu mai lambu a fadama ya kawo injinsa na ban-ruwa, ya ce cikin rabin awa zai tsotse ɗakin tas. Muna cikin ɗaura tiyo sai ga Baba magini, abokin mahaifinmu, wanda yana yaro ya ɗauki laka a ginin ɗakin nan. Inna ce ta aika masa ba tare da ta gaya mini ba. Ya tsaya a kan matakala ya daɗe yana kallo, ya fita lungu ya danna ƙasa da sandarsa, ya dawo ya ce a kwance tiyon. “Mushe, ƙasar waje cike take da ruwa, tana turo bango ciki. Wanga ruwa na ɗaki shi ka tare ta. In kun kwashe shi lokaci guda, da mi bangon za shi jingina?” Na ce ai barin ruwan ma jiƙa bangon yake yi. Ya ce gaskiya ne, shi ya sa ba za a bar shi ba, ba kuma za a yi masa gaggawa ba. Ya sa aka nemo itatuwa huɗu masu ƙarfi aka tokare azara, sannan muka riƙa kwasa da bokiti, kashi ɗaya cikin uku kowace rana. Ya kuma hana a sauko da injin cikin zaure ko da za a yi amfani da shi, saboda hayaƙinsa a rufaffen wuri yana kisa ba tare da mutum ya ji wari ba. Da ya ji na shiga ɗakin tun daren jiya, kallon da ya yi mini ya fi zagi.

Sai rigimar Inna. Bangon da ke tsakaninta da ɗakin goro ya tsage daga kusurwa, tsagar da yatsana ke shiga, amma ta ce ba inda za ta. A ɗakin ta haife mu, a ɗakin Baba ya cika, ita ba ta ga dalilin da ruwan kwana ɗaya zai tashe ta ba. Na roƙa, yayana ya kira daga Agadas ya roƙa, Baba magini ya yi magana, ta ce ta ji. Kwana huɗu ina kwana a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ko kyanwa ta taka rufi sai na zabura. Ran Talata 3 ga Satumba labari ya zo daga Damagaram cewa tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Ɗiyata ta nuna mata hoton a waya. Inna ta kalla har sau biyu, ba ta ce komai ba, da la'asar sai ga ta da buta da carbi da ƙullin kayanta a ƙofar ɗakin maiɗakina. Wata biyar suka yi a ɗaki ɗaya. Wannan wani labari ne daban, kuma ba ni da izinin ba da shi.

A cikin kwanakin nan ne kuma na zauna da akwatin. Akwatin ƙarfe yana hana ɓera, amma in ruwa ya shiga ba ya fita. Takarda jiƙaƙƙiya kuwa kwana biyu ya ishe ta ta fara hunhuna, don haka babu jira. Na shimfiɗa zannuwa a rumfa, inda iska ke ratsawa rana ba ta kaiwa, domin rana tana sa takarda ta kanannaɗe ta kakkarye. Na riƙa ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, ina sa farar takarda busasshiya a tsakani, in ta sha ruwa in canza. Littattafai kuma na tsayar da su a gindinsu na bubbuɗe shafukan kamar mafici. Na lura rubutun biro ya jure, amma tawadar hatimi da rubutun alƙalamin ruwa sun narke sun zama gajimare. Kundayen darasina na shekara goma sha wani abu yawancinsu sun tafi, ban ko tsaya baƙin cikinsu ba. Cikin takardun haihuwa 31, 27 sun karantu. Huɗu sun mutu: suna ya gudu, lamba ta gudu, hatimi ya gudu.

Ban san aikin da ya fi mini nauyi a rayuwata ba kamar zuwa gidaje huɗun nan. Uku sun ce ba komai, ƙaddara ce, su ma ga nasu bangon a ƙasa. Na huɗun, mahaifiyar wata yarinya da za ta shiga aji shida, wadda sai da takardar za a haɗa mata takardun jarrabawar ƙarshen firamare, ta yi shiru, sannan ta ce, “Mushe, da na sani da na bar ta cikin kwallata.” Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo. Gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliyar, azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma mutanen da gidajensu suka faɗi ne a ciki. Ni makonnin nan a zirga-zirgar ofishin magajin gari na cinye su. Uku an samo su a rajista aka ba da kwafi, don iyayen sun tuna shekara da wurin da aka rubuta. Ta yarinyar ce ta ba da wuya, don a ƙauyen kakanninta aka haife ta, sai da na hau babur na je can har sau biyu.

Da sanyi ya shigo maganar gyara ta taso. Yayana ya ce a cika ɗakin da yashi a huta, goro ya ƙare, mai goro ya tafi, me ake da rami a cikin gida? Na ji haushi a lokacin, amma ba maganar banza ya yi ba. In gidanka yana wurin da ruwan ƙasa ke kusa, kamar bakin fadama, ko gefen tafkunan Damagaram, ko unguwannin bakin kogi a Yamai, to babu kwalta ko leda da za ta raba ka da ruwa, cikewar ita ce magani. Namu ya bambanta: ƙasarmu yashi ce, ruwan rijiya yana can nesa, wanda ya dame mu ruwan sama ne da ke kwanciya a lungu yana tsatsafowa. Kuma ko an cika ɗakin, bangon da ya ruɓe yana nan ɗauke da rufin Inna, dole a gyara shi. Inna kuma ta ce in an binne ɗakin Baba a haɗa da ita. Daga ƙarshe muka raba gardama, za a cike matakala ɗaya a bar biyu, yadda Baba ya gina shi tun farko.

Abu na farko da Baba magini ya sa aka yi shi ne rushe aikina na 2020. Ya riƙa bin bangon yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, duk inda ya yi ƙara kamar ganga ya ce siminti ya rabu da ƙasa. Ko'ina ganga ne. Siminti da laka ba sa auren kirki: ɗaya yana kumbura yana motsi da damshi, ɗayan a sandare yake, sai su rabu, ruwa da gara su samu ɗaki a tsakaninsu. Aka ɓanɓare shi duka, muka wanke daɓe da duwatsun da ruwan Javel, don ruwan da ya shigo ya biyo ta masai da kwatoci, muka buɗe ƙofa muka bar wa hunturu aikinsa har ƙarshen Disamba. Kafin a fara gini na yi wani ɗan gwaji da kowa zai iya yi. Na yanko leda murabba'i biyu, na manna ɗaya a bango ɗaya a daɓe, na liƙe gefunansu da salatif, na bar su kwana biyu. In raɓa ta taru a saman leda, damshin iskar ɗaki ne, taga ce maganinsa. In ta taru a ƙarƙashi, daga cikin gini yake fitowa. Namu duka biyun a ƙarƙashi suka yi gumi, a tsakiyar hunturu. Wato daɓen ma sai an tashe shi.

Babban aikin a waje aka yi shi, kuma nan ne na gane inda na ɓata a da: ruwa ta waje yake zuwa, ni kuma ta ciki na tare shi. Baba magini ya zo da ɗansa, wanda shi aikin siminti ya koya, suka raba bangon gabas gida biyar, kowane kamar mita ɗaya ko ƙasa da haka. Ba su haƙa tsawon bangon a lokaci ɗaya ba, don yin haka zare wa gini ƙafa ne. Suka haƙa na ɗaya da na uku da na biyar, suka cire ruɓaɓɓen dutse da laka, suka zuba kankare a ƙasa, suka ɗora bulo cikakke marar rami har ya wuce ƙasar lungu da kamar santimita 40, suka bari ya kama, sannan suka koma na biyu da na huɗu. A saman bulon, kafin ya haɗu da tubalin Baba, suka shafa kwalta suka shimfiɗa leda mai kauri. Wannan siririn layi shi ne wuƙar da ke yanke lagwani: ruwa zai hau bulo in ya ga dama, amma a nan zai tsaya. Haka aka yi wa bangon Inna, shi ta ciki, gida-gida.

Fuskar bulon ta waje aka yi mata yaɓen siminti, awo ɗaya na siminti awo uku na yashi mai tsabta, aka riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Mutane da yawa suna ganin siminti bushewa yake yi. Ba haka ba ne, ruwan ne ke sa shi ya yi ƙarfi, in iskar hunturu ta shanye shi da wuri sai ya tsattsage ya zama gari. Da ya bushe aka shafa kwalta sau uku, kowane shafi sai na baya ya sha iska, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance don kada a bar ƙofa. Sannan leda a kai, don tsakuwa kada ta karce kwaltar. A gindin ramin aka shimfiɗa bututun roba da muka huhhuda da ƙusa mai zafi, aka naɗe shi da buhu don yashi kada ya toshe hudojin, aka rufe da tsakuwa, aka cike sama da jar ƙasa aka daddaɓe ta yadda ta gangara daga bango zuwa tsakiyar lungu.

Bututun ya zagaya ta kudancin ɗakin ya shiga tsakar gida, ya ƙare a wani rami da muka haƙa muka cika da duwatsu, taku bakwai daga kowane bango, nesa da masai. A nan ne kaɗai na yi amfani a aikin. Ana son bututu ya gangara aƙalla santimita ɗaya a kowace mita, namu mita 12 ne, wato bakinsa na ƙarshe ya zama ƙasa da na farko da santimita 12 ko fiye. Na kawo siririn tiyo mai haske na cika shi da ruwa, yaron maso ya riƙe baki ɗaya ni na riƙe ɗaya, inda ruwa ya tsaya a nan da can tsayinsu ɗaya, daga nan muke aunawa ƙasa. Baba magini ya ce, “To, yau dai bokon ya yi rana.”

A ciki kuwa aka fasa tsohon daɓe, aka zuba yashi da tsakuwa har suka cinye matakala ɗaya, aka shimfiɗa leda aka ɗaga gefunanta jikin bango kamar faranti, aka zuba kankare santimita 10. Saman bangon, inda tubali yake, Baba magini ya ƙi yarda siminti ya taɓa shi. Yaɓen ƙasa ya yi, aka shafa farar ƙasa a ciki. A waje ya yi makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, ya ce tana korar ruwan sama amma ba ta hana bango numfashi, sai dai tana son a sabunta ta bayan ƴan shekaru. Ya so ya yi wa rufin laso irin na da, na katsin marina da dafara da gashin majema, amma haɗa kayan yanzu ya zama aiki, sai muka haƙura da gyaran yaɓen rufin. Aka fasa ƙananan tagogi biyu a sama suna kallon juna, aka ɗaga dokin ƙofar zaure da na ɗakin, aka sauya gajerun indararo da dogaye, aka yi musu kwatar siminti a inda suke zuba.

Kwatar nan ta kusa haɗa ni faɗa da maƙwabcin da muka yi shekara talatin muna gaisawa. Ya ce na gyara gidana na turo masa ruwa. Da na tsaya na duba, da gaskiyarsa. Abin da duk unguwar ke yi ke nan tun da daɗewa: kowa ya ɗaga ƙofarsa, ya jera buhunan yashi, ruwa ya wuce gidan wanda ba shi da kuɗin ɗagawa, yawanci gwauruwa ko tsoho. Sai da mai unguwa ya zaunar da mu gida shida na lungun, muka yi karo-karo muka kwashe yashi da sharar da suka taru, muka fitar da hanyar ruwa ɗaya ta tsakiya har bakin babban titi. Ba ta da kyan gani, kuma duk wata sai an yi ta fama da masu zuba shara a ciki.

Mun gama ana saura kwana kaɗan a kama azumi, a ƙarshen Fabrairun 2025. Kuɗin da ya tafi ya haura jika ɗari huɗu, duk da rage farashin siminti da gwamnati ta yi a watan Oktoba bayan ambaliyar. Yayana ya ɗauki rabi, ni na cinye adashina na kuma ci bashi. Na kan tuna jika sittin ɗin 2020, in lissafa abin da dogon indararo biyu da baro goma na jar ƙasa za su ci a lokacin, sai in bar lissafin.

Tun daga nan idona ya lalace, ba na iya wuce gini ban dubi gindinsa ba. A lakwal ɗinmu na zagaya bayan azuzuwa na ga abin da na shekara ina wucewa: rufin kwano ba magudana, ruwa ya haƙa rami a gindin bango tsawon ajin, bangon gabas, inda hadari ke bugowa, ya fi kowanne cinyewa, ga ɗakin ajiyar littattafai kwalaye a ƙasa jikin bango, daidai yadda akwatina yake. Na kai maganar taron kwamitin iyaye a watan Afrilu. Wani uba ya ce ana wannan zafi Mushe yana zancen ruwa, aka yi dariya. Amma ran Asabar biyu iyaye sun zo da baro da shebur, muka cike ramukan muka gangarar da ƙasa, muka ɗora kwalayen a kan bulo da katako. Ba mu kashe ko jika ashirin ba.

Takardun haihuwa kuwa na mayar wa kowa tasa. Na yi wa kowace kwafi biyu, na ɗauki hotonta a waya, na sa ta asali a leda mai zif na kai har gida, na ce a rataye ta sama, kada a sa a ƙasan akwati. Wasu sun ji kamar na kore su ne. Mahaifiyar yarinyar nan ta karɓa ta buɗe kwallarta a gabana ta sa a ciki. Yarinyar ta zauna jarrabawa.

Daminar 2025 ta zo. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi da dare, ni da tocila muka kwana muna sintiri tsakanin zaure da ɗakin goro, ina shafa bango ina shafa daɓe. Da asuba na je na ɗaga dutsen da ke bakin ramin tsakar gida na ji bututun yana ɗiga. Daɓe a bushe, bangon gabas a bushe, sai kusurwar da ya haɗu da bangon Inna, nan wani tabo ya fito kamar faɗin faifai. Na aika wa Baba magini. Ya zo da hantsi, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya zagaye tabon da gawayi, ya ce kada in taɓa shi, in riƙa dubawa ko zai wuce zanen. Har ƙarshen Satumba bai wuce ba, bai kuma ɓace ba. Ya ce in rani ya yi za mu buɗe gida na biyar ta waje mu gani, wataƙila leda ce ta yage wurin cikewa. Littattafan da suka tsira suna kan kanta yanzu, mita ɗaya daga ƙasa, akwatin ƙarfen kuma Inna ta karɓe shi tana zuba tsofaffin zannuwa.